Na'ura Ta Iya Rarraba Littattafai, Saka Su a Kanta Ne Ya Gagare Ta

Ma'aikatan laburare suna da wata magana da suke yawan faɗa wa sabon shiga: littafin da aka ajiye a gurbin da ba nasa ba, ɓatacce ne. Yana cikin ginin, kwamfuta tana cewa yana nan, amma wanda ya zo nemansa zai koma hannu rabbana. A ɗakin karatu mai littattafai dubu biyu wannan ba abin tashin hankali ba ne, mutum ɗaya zai bi kantoci da ido ya tsinto shi kafin a tashi aiki. A wanda ya tara miliyan biyu kuwa, kuskuren hannu na daƙiƙa ɗaya yana iya binne littafi shekara da shekaru.

Mai karatu ba ya ganin wahalar da ke bayan kanta. Shi dai ya miƙa littafi ya juya. Daga nan sai a soke aron da ke kansa, a duba ko wani ya yi kamun littafin yana jira, a duba ko na wannan reshe ne ko na wani reshe a can ƙarshen gari, a ware shi, a ɗora a amalanke, a jera na amalanken bisa lamba, a tura zuwa hawan da ya dace, sannan a nemo gurbinsa a cusa shi. Bayan wannan akwai aikin da kowa ke gudu, wato bin kanta ɗaya bayan ɗaya ana karanta lambobi don kamo waɗanda suka yi ɓatan kai. Idan aka ce na'ura za ta karɓi aikin jera littattafai, ayyuka da dama aka haɗa a baki guda. Wasu daga ciki na'ura ta daɗe da fin mutum iyawa. Ɗaya daga ciki kuma, wanda ake gani kamar shi ne mafi sauƙi, har yau bai shiga hannunta sosai ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane dalili. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, yawancin ɗakunan karatu suna ba littafi gurbi ne na dindindin: ɗaki kaza, kanta kaza, na kaza daga hagu. Sabon littafi ya zo, a ajiye shi inda aka samu wuri. A 1876 Melvil Dewey ya fito da tsarinsa a Amurka, ya kasa ilimi gida goma, kowane gida ya sake kasa shi goma, haka har ƙasa. Kimiyya ta samu 500, dabbobi 590, tsuntsaye 598. Hikimar ita ce lambar ta bar bin kanta, ta koma bin abin da littafin ya ƙunsa. Duk littafin da ya yi magana kan tsuntsaye zai zauna kusa da 'yan'uwansa, ko an saye shi bara ko shekara hamsin da suka wuce. Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda manyan jami'o'i suka fi amfani da shi, haruffa yake haɗawa da lambobi, amma tunanin ɗaya ne.

Saboda haka lambar da ke manne a ƙeyar littafi aiki biyu take yi lokaci guda. Adireshi ce, kuma bayani ce kan abin da ke ciki. Mai karatu ya ci riba da wannan, ma'aikaci kuma ya ɗauki nauyinsa. Kowane littafi gurbi ɗaya tak yake da shi a cikin dubban ɗaruruwa, tsakanin maƙwabcinsa na dama da na hagu. Dole a bar sarari a kowace kanta saboda masu zuwa, in kuma sashe ya cika, sai a yi ta matsar da littattafai kanta bayan kanta don a samar wa 'yan kaɗan wuri.

Mataki na farko da aka sauƙaƙa shi ne gane littafi. Lambar nan mai zane-zanen layuka ta yi aiki shekaru da yawa, sai dai tana bukatar a nuna ta ga na'ura ido da ido, littafi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka samu tambarin rediyo da ake kira RFID: 'yar takarda ce siririya da ake liƙawa a cikin bango, ɗauke da ɗan guntun ƙwaƙwalwa da zaren eriya. Ba ta da batir. Na'urar karantawa ce ke aiko mata da ƙarfi ta iska, ita kuma ta amsa da lambarta. Ana iya karanta tarin littattafai a dunƙule ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Singafo na cikin waɗanda suka fara, a laburaren Bukit Batok a 1998. Tambarin yana da nasa rauni. Ƙarfe yana toshe shi, kuma siraran littattafan yara idan suka matsu da juna tamburansu kan rufe wa juna baki. An kuma yi ta muhawara a kansa: lokacin da laburaren San Francisco ya so ɗaukarsa a farkon shekarun 2000, ƙungiyoyin kare sirrin jama'a sun tashi tsaye, suna tsoron wani zai iya gane abin da mutum ke karantawa daga cikin jakarsa. Shi ya sa aka saba a rubuta lambar littafi kawai a tambarin, suna da sauran bayani su zauna a kwamfutar laburare.

Da littafi ya iya faɗin sunansa, rarrabawa ta zama wasa. A unguwar Long Island City da ke New York akwai wata na'ura mai tsawon fiye da mita 70, ƙirar kamfanin Lyngsoe na Denmak, da aka kafa a 2010. Tana yi wa rassan laburaren New York hidima, daga baya har da na Brooklyn. Ma'aikata suna ɗora littattafai a kan bel mai gudu, na'ura ta karanta lamba, ta tambayi kwamfuta ina wannan ya nufa, amsa ta dawo kafin ƙiftawar ido, sai ta ture shi cikin akwatin reshen da zai je. Har gasa suka riƙa yi da takwarorinsu na King County a jihar Washington, a ga wa zai fi rarraba littattafai cikin awa ɗaya, kuma kowane ɓangare ya taɓa haura 12,000. Babu taron ma'aikatan da zai yi wannan da hannu ba tare da kafaɗu da wuyan hannu sun gaya musu ba.

Amma a lura da irin rarrabawar. Na'urar tana cewa ne wannan na reshe kaza ne, wannan na sashen yara, wannan wani na jiransa. Rabon tuli-tuli ne. Ba ta jera 598.1 gaban 598.2, balle ta kai shi kanta. Littafin da ya yi tafiyar kilomita ashirin ta bel da mota, mita ɗaya na ƙarshe, daga amalanke zuwa gurbinsa, hannun mutum ne ke kai shi.

Me ya sa? Ka lura da abin da hannunka ke yi idan za ka mayar da littafi. Idonka ya karanta lambar da ta koɗe ko ta ɗan ɓantare. Ka gane gurbin, sai ka tarar babu sarari, littattafan sun matse. Yatsa ɗaya ya buɗa tsakani, bayan hannu ya tare na hagu kada su kife, ɗaya hannun ya tura littafin da ƙarfin da ya dace, mai taushin bango a hankali kada ya lanƙwashe, mai nauyi da ɗan ƙarfi. Kana cikin haka ka lura na kusa da shi ba nan ne wurinsa ba, ka zare shi. Ga wani ya zame ya faɗa bayan kanta, ga wani shafinsa na neman fita. Duk wannan cikin daƙiƙa biyar, ba tare da ka yi tunani ba. Masu ƙera mutum-mutumi sun san wannan matsala tun shekarun 1980, har ana danganta bayaninta ga Hans Moravec: lissafin da ke ba mutum wuya yana yi wa na'ura sauƙi, abin da yaro ɗan shekara biyar ke yi da hannu kuma shi ke ɗaure mata kai. Littattafai ba su da girma ɗaya, ba su da nauyi ɗaya, kuma kantar da jama'a ke taɓawa kullum a hargitse take. An gwada hannayen ƙarfe masu zaro littafi a ɗakunan bincike na jami'o'i, sun kuma yi aiki a kantar da aka shirya musu. Kantar yammacin ranar da yara suka cika laburare wani abu ne daban.

To da aka ga na'ura ta kasa bin tsarin mutane, sai aka juya lamarin, aka gina wa na'ura irin laburaren da za ta iya. A nan ne ainihin sauyin ya faru, kuma ba kasafai ake faɗinsa ƙarara ba.

Jami'ar Jihar California da ke Northridge ce ta fara, a 1991, da dabarar da aka aro daga manyan sito-sito na masana'antu. Misalin da ya fi shahara shi ne laburaren Mansueto na Jami'ar Chicago, da aka buɗe a 2011. A sama ɗakin karatu ne ƙarƙashin ƙubbar gilashi. A ƙasa rami ne mai zurfin mita 15, cike da akwatunan ƙarfe kusan 24,000 da za su iya ɗaukar littattafai miliyan 3.5, ga ƙugiyoyi biyar suna kai-komo a kan dogo. Ɗalibi ya nemi littafi ta kwamfuta, ƙugiya ta je ta ciro akwatin gaba ɗaya ta kawo sama cikin 'yan mintoci. Ƙugiyar ba ta taɓa littafi ko sau ɗaya. Akwati ta sani, kuma akwatuna duk faɗinsu ɗaya, ba sa lanƙwashewa, ba sa kifewa. Mutum ne ke tsaye a bakin akwatin ya zaro wanda aka nema.

A cikin akwatin, babu ruwan kowa da Dewey. Tsawo ake dubawa. Littafin waƙoƙi yana iya kwana kusa da na haɗa magunguna don kawai tsayinsu ɗaya, kuma a yawancin irin waɗannan rumbuna, idan ya dawo daga aro ba lallai ya koma akwatinsa na jiya ba, duk inda ke da sarari nan ne gidansa, kwamfuta ta rubuta. An koma ke nan ga tsarin da Dewey ya zo ya rushe, sai dai yanzu kwamfuta ce ke riƙe da adireshin. Aiki biyun da lamba ke yi an raba su: inda littafi yake ya zama sirrin na'ura, abin da ya ƙunsa ya koma cikin kundin kwamfuta.

Ribar a bayyane take. Babu hanyar wucewar mutane tsakanin kantoci, babu sararin da aka bari don masu zuwa, babu gajeren littafi a doguwar kanta yana ɓarnar wuri. A Chicago an ƙiyasta rumbun yana cin kashi ɗaya cikin bakwai na filin da kantoci za su ci. Tunda mutum ba ya zama a ciki, ana iya daidaita wurin da bukatar takarda: sanyin kusan digiri 16, da ƙarancin laima. Laburaren Birtaniya ya wuce nan. A rumbunsa na Boston Spa da ke Yorkshire, wanda aka buɗe a 2009 don ɗaukar kusan abu miliyan 7, an rage iskar oksijin daga kashi 21 da muka saba shaƙa zuwa kusan kashi 15, yadda wuta ba za ta samu abin ci ba.

Akwai wani abin lura a nan. Jami'ar Harvard ta buɗe nata rumbun tun 1986, tana jera littattafai bisa girma a dogayen kantoci, amma mutane ne ke hawa injin ɗagawa su ɗauko. Ita ma ta samu rarar wuri mai yawa. Wato mafi yawan ribar daga barin tsarin maudu'i ta fito, ƙugiya sauri ta ƙara kawai. Wanda ke kwaɗayin mutum-mutumi don ya yi ado da shi ya kamata ya fara yin wannan lissafin.

Hujjar masu rumbu tana da ƙarfi, ba na musu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Pittsburgh, aka buga a 1979, ya gano kusan kashi 40 cikin 100 na littattafan da aka saya a shekara guda ba wanda ya are su ko sau ɗaya cikin shekaru shida na farko. Me zai sa a ba irin waɗannan wuri mafi tsada a tsakiyar jami'a, alhali ɗalibai na neman kujerar zama? S. R. Ranganathan, masanin laburare na Indiya, ya sa tattalin lokacin mai karatu cikin dokokinsa biyar na 1931, kuma jiran minti biyar ya fi sauƙi a kan rabin awa ana yawo tsakanin kantoci.

Sai dai wanda ya san sunan abin da yake nema ne kaɗai ke cin wannan riba. Duk wanda ya taɓa bincike na gaske ya san sau da yawa littafin da ka je nema ba shi ne ke warware maka matsala ba, na kusa da shi ne, wanda ba ka taɓa jin sunansa ba. Aby Warburg, wanda ya tara shahararren laburarensa a Hamburg kafin a kwashe shi zuwa Landan a 1933, ya kira wannan dokar maƙwabcin kirki, kuma a kan wannan doka ya gina jerin littattafansa. A cikin akwatin ƙarfe maƙwabci ba ya nufin komai. Laburaren Hunt na Jami'ar Jihar North Carolina, da aka buɗe a 2013 da nasa rumbun mai ƙugiya, ya yi ƙoƙarin cike giɓin da kanta ta allo, inda za ka ga littattafai a jere bisa lambarsu kamar kana gabansu. Dabara ce mai kyau, amma a ganina rabin magani ce. A gaban kanta, cikin minti biyu za ka zaro littafi goma, ka leƙa tsakiyar kowanne, ka mayar da tara. Ta allo, sai ka sa an kawo maka goman, kuma mutum yakan ji nauyin tayar da ƙugiya don abin da bai tabbata yana so ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lamarin ke ciyar da kansa. An kai littafi rumbu saboda ba a aronsa. Yanzu ba mai ganinsa, sai aron ya ƙara raguwa. Bayan shekaru a duba alƙaluma a ce ai ga shi, dama ba mai bukatarsa. Alƙaluman ba su yi ƙarya ba, amma hukuncin farko ne ya haife su. Irin wannan fargaba na cikin abin da ya tayar da marubuta da malamai a New York lokacin da babban laburaren birnin ya shirya kwashe miliyoyin littattafan bincike daga tsoffin kantocinsa, da yawansu zuwa wani rumbu a New Jersey. An janye shirin a 2014, aka faɗaɗa ma'ajiyar da ke ƙarƙashin lambun Bryant Park, kuma a 2016 aka kafa ɗan jirgin ƙasa mai jajayen taragu 24 da ke hawo da littattafai zuwa ɗakin karatu. Shi ma mutum ke loda masa, mutum ke sauke masa.

Akwai haɗari na biyu da ba a cika magana a kai ba. Littafin da ya ɓata a buɗaɗɗiyar kanta wata rana wani zai ci karo da shi. Wanda aka saka a akwati ba tare da an karanta lambarsa daidai ba ya tafi ke nan, domin babu mai wucewa ta wurin. In kuma ƙugiya ta tsaya, ko wuta ta ɗauke, ko kwamfuta ta rikice, duk abin da ke layin ya kulle har sai masu gyara sun zo. Laburaren da ya sayi irin wannan na'ura ya ƙulla zumuncin shekaru da dama da kamfanin da ya ƙera ta, da kuɗin kulawa na kowace shekara. Ƙaramin laburare mai karɓar littafi ɗari biyu a rana ba shi da abin da zai yi da ita, ma'aikaci ɗaya da amalanke sun fi masa araha da kwanciyar hankali. Inda kuma aka kafa ta, waɗanda aikinsu ke raguwa su ne masu ƙaramin albashi, ɗalibai da masu aikin wucin gadi, wanda da yawa daga cikin manyan ma'aikatan laburare ta nan suka fara sanin littattafai.

Raba adireshi da maudu'i ba dole ne ya ƙare da kulle littafi a rami ba. A garin St. Gallen na Suwizalan akwai wani laburaren zane-zane da ake kira Sitterwerk, wanda ya ɗauki wannan fasaha ya yi akasin haka da ita. Mai karatu yana da izinin ajiye littafi duk inda ya ga dama. Wata na'ura mai tafiya a kan dogo tana bin kantocin tana karanta tamburan rediyo, ta sabunta wa kwamfuta inda kowanne yake. Mai bincike da ya haɗa littattafai shida kan wata tambaya yana iya barinsu tare, na bayansa ya zo ya tarar da wannan haɗin. A biranen Copenhagen da Aarhus kuma, daga baya Helsinki, an bar cewa littafi na wani reshe ne har abada. Manhaja ce ke duba inda kanta ta cika da inda ake nemansa, ta yanke inda zai nufa idan an dawo da shi.

Ba wa littafi lamba tun farko, wato hukunta abin da ya ƙunsa, shi ma an fara miƙa wa kwamfuta. Laburaren ƙasa na Finland ya ƙirƙiro manhajar Annif, wadda ke karanta rubutu ta ba da shawarar maudu'in da ya dace, kuma laburaren ƙasa na Jamus ya ɗauke ta. Daga aikin da mutane suka riga suka yi take koyo, don haka da gwanintarsu da son zuciyarsu duka take gada. Tsarin Dewey, alal misali, ya ba addinin Kirista kusan duk lambobin da ke tsakanin 220 da 289, ya cusa sauran addinan duniya a cikin 290 zuwa 299, Musulunci gaba ɗayansa a 297. Manhajar da ta koya daga irin wannan rabo ba za ta ga aibinsa ba. Harshen da ba a tara masa bayanan littattafai da yawa ba kuma, ba ta da abin koyo a kansa, sai ta riƙa harbi a duhu.

Mutum-mutumin da suka samu gindin zama a tsakanin buɗaɗɗun kantoci su ne waɗanda aka rage wa buri. A laburaren Oodi na Helsinki, da aka buɗe a Disambar 2018, akwai masu ɗaukar akwatunan littattafai daga ƙasan gini, su shiga lif da kansu su kai hawa na uku, su ajiye wa ma'aikata. A Singafo, masu bincike na A*STAR, hukumar binciken kimiyya da fasaha ta ƙasar, sun ƙera wani da ke fitowa da dare bayan an rufe ƙofa. Yana bin kantoci a hankali, yana riƙe tazara daidai don eriyarsa ta ji kowane tambari, yana rubuta wanda ya ɓace da wanda ya zauna a gurbin wani. Ba ya zaro ko ɗaya. Da safe ma'aikaciya ta karɓi jerin, ta nufi kanta ta goma sha huɗu, ta sa yatsa ta ciro littafin tsuntsayen da wani yaro ya cusa cikin na kifaye jiya da yamma, ta matsa taku biyu ta mayar da shi 598.